Ray Tomlinson da Asalin Wasiƙar Imel: Nazari ta Fuskar Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwar Gano, ko ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, a lokacin da ake rajistar jarrabawar shiga jami'a, zai tarar da samari da 'yan mata sun yi cincirindo a ƙofar shagunan kwamfuta. Tambayar farko da mai shago kan yi wa yaro ita ce, "Kana da imel?" In ya ce babu, sai a buɗe masa nan take, a rubuta masa adireshin a 'yar takarda. A tsakiyar wannan adireshi akwai wata alama mai kama da harafin "a" wanda ya naɗa rawani, watau @. Mai shago ya kira ta da sunanta na Turanci, yaro ya maimaita, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tsaya tambayar wanda ya sa ta a wurin, balle dalilin sa ta.

Manufar wannan maƙala ita ce amsa waɗannan tambayoyi biyu. Za mu kawo taƙaitaccen tarihin Ray Tomlinson, injiniyan da ya aika da imel na farko tsakanin kwamfuta da kwamfuta a 1971, sa'an nan mu bayyana yadda aikin nasa ya gudana. Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan batu? Abin da muke son nunawa shi ne, ƙashin bayan aikin Tomlinson al'amari ne na harshe, domin abin da ya warware shi ne yadda za a ambaci mutum tare da wurin da yake. Hausa tana da nata tsari a kan haka tun da daɗewa, kuma akwai aikin da ke jiran ɗalibanta a wannan fage.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Raymond Samuel Tomlinson ran 23 ga Afrilu, 1941, a wani gari da ake kira Amsterdam cikin jihar Niyok ta Amurka. Kada mai karatu ya ɗauka babban birnin ƙasar Holan ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya tashi a ƙauyen Vail Mills, ya yi karatunsa na farko a Broadalbin da ke kusa da su. Daga nan ya shiga kwalejin fasaha ta Rensselaer da ke garin Troy, inda ya sami digirin farko a fannin injiniyan lantarki a 1963. A lokacin karatun nan ya yi aikin koyon sana'a a kamfanin IBM.

Bayan haka ya wuce babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, ya sami digiri na biyu a 1965. A nan akwai abin da ya kamata ɗaliban ilimin furuci su lura da shi. Tomlinson ya yi aikinsa ne cikin rukunin masu nazarin magana, kuma kundin digirinsa a kan na'urar da ke ƙaga sautin maganar ɗan Adam ya rubuta shi. Ke nan tun kafin ya taɓa batun wasiƙa, ya riga ya saba da tambayar yadda za a sa na'ura ta ɗauki harshe.

A 1967 ya kama aiki da kamfanin Bolt Beranek and Newman, ko BBN a taƙaice, a garin Cambridge na jihar Massachusetts. An kafa wannan kamfani a 1948 domin ba da shawara kan harkar sauti a manyan gine-gine, daga baya ya tsunduma cikin binciken kwamfuta. A nan Tomlinson ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta aiki.

3.0 Halin da Ake Ciki Kafin 1971

Ba za a gane girman aikinsa ba sai an san yadda kwamfuta take a wancan zamani. Kwamfuta a lokacin ƙatuwar na'ura ce mai cin ɗaki guda, mai tsadar da sai gwamnati ko jami'a ko babban kamfani ke iya saye. Don haka mutane da yawa ne suke tarayya a kan guda ɗaya, kowa da tafiretarsa da aka jona mata da waya, ita kuma tana raba musu lokacinta bi da bi cikin sauri, har kowa ya ga kamar shi kaɗai take wa aiki.

Da yake mutane sun taru a kan na'ura ɗaya, sai bukatar barin saƙo ta taso. A 1965 Tom Van Vleck da Noel Morris suka rubuta wa kwamfutar MIT wani umarni na aika saƙo daga mai amfani da ita zuwa ga wani. Kowa yana da akwatinsa a cikin na'urar, ana iya jefa masa saƙo, amma shi kaɗai ke iya buɗewa ya karanta. Misalin wannan shi ne babban gida mai sassa da yawa, inda mutum zai tura takarda ta ƙarƙashin ƙofar ɗan'uwansa. Saƙo yana yawo a cikin gida, ba ya ƙetare zaure. Saboda haka sunan mutum kaɗai ya isa adireshi, tun da an san kowa a gida ɗaya yake.

Ana cikin haka sai hukumar bincike ta Ma'aikatar Tsaron Amurka, mai suna ARPA, ta ƙudiri aniyar sada kwamfutocin jami'o'in da take ba kuɗin bincike. Aka ba BBN kwangilar ƙera na'urorin da za su tsaya tsakani suna miƙa bayanai. Ran 29 ga Oktoba, 1969, aka yi gwajin farko tsakanin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu kacal suka wuce, na'urar ta tsaya. Kafin ƙarshen shekarar an haɗa wurare huɗu, a 1971 kuwa sun kai 15. Wannan mahaɗa ita ake kira ARPANET, kuma ita ce kakar intanet. An gina ta ne don masu bincike su ci moriyar na'urorin juna daga nesa. Aika wasiƙa ba ya cikin manyan dalilan da aka zayyana.

4.0 Aikin 1971

A ƙarshen 1971, watau kusan shekara biyu bayan ƙare yaƙin basasar Nijeriya, lokacin da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano take reshen Jami'ar Ahmadu Bello, Tomlinson yana da manhajoji biyu a gabansa. Ta farko sunanta SNDMSG, aikinta jefa saƙo a akwatin wanda suke kan kwamfuta ɗaya. Ta biyu sunanta CPYNET, wadda shi ya rubuta ta don gwaji, aikinta ɗaukar fayil daga wata kwamfuta zuwa wata ta kan ARPANET. Ta farko ta san akwati amma ba ta san hanya ba, ta biyu ta san hanya amma ba ta san akwati ba. Sai ya ɗebo daga ta biyu ya haɗa da ta farko, ya gyara yadda saƙon da ya zo daga nesa zai shiga ƙarshen akwatin mutum ba tare da ya goge abin da ke ciki ba.

Ya yi gwajin ne da kwamfutoci biyu samfurin PDP-10 waɗanda ke ajiye gefe da gefe a ɗaki ɗaya, amma ba abin da ya sada su sai ARPANET. Ya buga saƙo a wannan, ya matsa ya duba a waccan, ya tarar ya iso. Da aka riƙa tambayarsa daga baya me ya rubuta, ya ce ya manta, domin saƙonnin gwaji ne marasa ma'ana, mai yiwuwa jerin haruffan saman tafireta ne kurum. Wani abokin aikinsa, Jerry Burchfiel, ya ba da labarin cewa da Tomlinson ya nuna masa abin, sai ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don ba shi ne aikin da aka sa su ba.

Ya kamata a yi adalci a nan. Tomlinson bai ƙago saƙon cikin kwamfuta ba, an riga shi. Bai gina ARPANET shi kaɗai ba. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Abin da ya keɓanta da shi shi ne fitar da saƙo daga gida zuwa gida, da kuma tsara adireshin da ya sa hakan ta yiwu.

5.0 Alamar @ da Tsarin Suna

Da zarar saƙo ya fita daga gida, sunan mutum kaɗai ya daina isa. Dole a faɗi wane ne, a kuma faɗi inda yake, sa'an nan a sami abin da zai raba biyun don kada na'ura ta ruɗe. Tomlinson ya duba tafiretar da ke gabansa, samfurin Teletype 33, yana neman alamar da ba ta fitowa cikin sunan kowa. Ya zaɓi @ saboda wannan dalili, da kuma cewa a Turanci ana karanta ta da kalmar da ke nuna wuri. Daga nan tsarin ya zauna: suna, sai alama, sai wuri. Zaɓin bai rasa masu ƙorafi ba, domin a wani tsarin kwamfuta mai suna Multics wannan alama ita ce umarnin goge layi, wanda duk ya buga ta sai rubutunsa ya ɓace. Duk da haka ita ce ta ɗore.

Wannan matsala ta rarrabe masu suna ɗaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma maganin da aka yi mata shi ne dai wanda Tomlinson ya yi. Malaman da suka yi rubutu da Larabci sun jingina kansu ga garuruwansu, kamar Muhammadu al-Kashinawi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. A Hausa kuma ana amfani da "na", kamar Muhammadu na Birnin Gwari. Da makarantun boko suka zo, aka tara yara daga larduna daban-daban a aji ɗaya, Muhammadu ya yi yawa, Abubakar ya yi yawa, sai sunan gari ya koma sunan mutum na biyu. Irin wannan tsari ne ya ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan adireshi ne: mutum, sai wurinsa.

Akwai kuma wani dace da ya fi wannan. Harafin da ke cikin alamar shi ne "a", kuma a nahawun Hausa kalmar "a" ita ce ke zuwa kafin sunan wuri, kamar a ce "Musa yana zaune a Tarauni". Bature yana bukatar a gaya masa yadda zai karanta alamar, amma Bahaushe in ya karanta harafin da idonsa ya gani, ya riga ya faɗi ma'anarta daidai.

Sauran al'ummu ba su jira Turanci ba wajen raɗa mata suna. Mutanen Italiya suna ce mata dodon koɗi, na Holan suna ce mata wutsiyar biri, na Rasha kare, na Suwidin kuma "a" mai haɓar giwa, watau hancinta. A Sifen da Fotugal sunanta arroba, wanda asalinsa ma'aunin nauyi ne, kuma kalmar daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da "rubu'i" da muke faɗa a Hausa. Faransawa suna cewa arobase, kuma shi ne sunan da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba ji. Alamar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin an same ta a wasiƙar wani ɗan kasuwar Florence mai suna Francesco Lapi wadda ya rubuta a 1536, inda take nufin ma'aunin tulu. 'Yan kasuwa ne suka riƙe ta ƙarni bayan ƙarni wajen rubuta farashi, shi ya sa ta sami gurbi a tafireta har Tomlinson ya tarar da ita.

6.0 Bunƙasar Imel da Sauran Rayuwarsa

Abin da aka yi a ɓoye bai daɗe ba ya mamaye mahaɗar. Wani bincike na ARPA a 1973 ya nuna kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da ke wucewa ta ARPANET imel ne. Lawrence Roberts ya rubuta manhajar tsara saƙonni a 1972, John Vittal kuma ya fito da wata mai suna MSG wadda ta sauƙaƙa mayar da amsa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta aika da imel a watan Maris na 1976. A 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta, Gary Thuerk, ya watsa talla ga mutane kusan 400 ba da izninsu ba, aka buɗe ƙofar tarkacen saƙonnin da ke cika akwatuna har yau. A 1982 Jon Postel ya tsara ƙa'idar miƙa saƙo mai suna SMTP, David Crocker kuma ya tsara fasalin wasiƙar kanta. Talaka bai sami shiga sosai ba sai da aka buɗe Hotmail a 1996, da Yahoo Mail a 1997, da Gmail a 2004. A Nijeriya kuwa shagunan intanet ne suka fara kai shi ga jama'a, sa'an nan wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta ƙarasa aikin.

Shi kuwa Tomlinson ya ci gaba da aikinsa a BBN. Yana cikin waɗanda suka tsara yadda kwamfutoci biyu za su tabbatar da juna kafin su fara musayar bayani, ta hanyar saƙo uku: ta farko ta yi kira, ta biyu ta amsa, ta farko ta tabbatar ta ji amsar. Wanda ya san ladabin sallama a ƙofar gida ba zai sha wuyar gane wannan ba. An ba shi lambar yabo ta Yariman Asturias a ƙasar Sifen a 2009, tare da Martin Cooper na wayar hannu, an kuma sa sunansa cikin gwarazan intanet a 2012. Mutum ne mai kawaici, wanda a ƙarshen rayuwarsa yake kiwon wasu ƙananan tumaki a garin Lincoln. Ya rasu ran 5 ga Maris, 2016, yana da shekara 74.

7.0 Giɓi Biyu da Suka Shafe Mu

Giɓin farko shi ne rashin hatimi. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wasiƙa. A daular Sakkwato gidan Waziri ne ke kula da wasiƙu tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, kuma wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, sun nuna tsayayyen tsari: sunan Allah, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa, sai bayani. Fasalin imel bai yi nisa da wannan ba. Amma wasiƙar sarki tana ɗauke da hatimi, kuma sanannen manzo ne ke kai ta. Waɗanda suka tsara imel 'yan tsiraru ne da suka san juna suka amince da juna, don haka ba su tanadi hanyar tabbatar da mai aikowa ba. Ta wannan kafa 'yan damfara suka shiga, har sunan sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya ya zaga duniya. A matakin unguwa ma akwai irin wannan sakaci. Da yawa daga yaran da ake buɗe wa imel a shago ba su san kalmar sirrinsu ba, tana hannun mai shago. A da, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya yakan san sirrin wasiƙa ɗaya ne. Wanda ya riƙe kalmar sirrinka kuwa ya riƙe mabuɗin akwatinka gaba ɗaya.

Giɓi na biyu shi ne na haruffa. An gina imel a kan jadawalin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, mai gurbi 128 kacal, kuma an auna shi da bukatar Turanci. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa, da aka shigar cikin rubutun boko a shekarun 1930, ba ado ba ne, su ne ke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da kasa da ƙasa. An magance matsalar a hankali. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba haruffanmu gurbi, ƙa'idar MIME ta 1992 kuma ta ba da damar aika rubutun da ba na Turanci ba da hotuna. A 2012 aka fitar da ƙa'idar da ta halatta irin waɗannan haruffa a cikin adireshin kansa, ko da yake manyan kamfanoni ba su sakar wa masu buɗe akwati wannan dama sosai ba, shi ya sa Ɗanladi da Ɓaidu suke rasa lanƙwasarsu a adireshi. Amma a cikin jikin wasiƙa ba sauran uzuri. Na'ura ta daina hana mu, saura sabon da muka yi tun lokacin da take hanawa.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda Tomlinson ya haɗa manhajoji biyu a 1971, ya fitar da saƙo daga kwamfuta ɗaya zuwa wata, ya kuma tsara adireshi mai suna da alama da wuri, tsarin da ya yi daidai da yadda Bahaushe ke jingina mutum ga garinsa. Mun kuma ga giɓin hatimi da na haruffa.

Shawarwarinmu uku ne. Na farko, malamai da masu aikin ƙirƙirar kalmomi su duba yiwuwar karanta @ da "a" ta Hausa a cikin adireshi, in kuma ana son sunan alamar ita kaɗai, muna ba da shawarar "a mai rawani". Na biyu, ɗaliban wannan sashe su lizimci rubuta ɓ da ɗ da ƙ a duk imel da za su aika da Hausa, domin in mu ba mu yi ba, ba mu da bakin ganin laifin wani. Na uku, akwai fili ga mai neman batun kundi ya kwatanta salon buɗewa da rufewa a wasiƙun da, da na imel ɗin Hausa na yau, don a ga abin da ya saura na gaisuwa da ladabi da abin da ya zube. Muna fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su gyara inda muka yi kure.